Labaran da Gurbin 'Yan Amshi

Duk wanda ya taɓa sayen mota a kasuwar Al Awir ta hannun Alhaji Badaru ya san Labaran, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai furfura a gemu, wanda ke tuƙa motocin da aka saya zuwa inda ake loda su a kwantena. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi ya amsa, in ka ƙyale shi ya ƙyale ka. Shekara da shekaru yana Dubai, amma ko abokan zamansa a International City ba su san cewa ɗan makaɗi ne ba.

Mahaifinsa, Ɗantani, makaɗin noma ne a wani ƙauye kusa da Talata Mafara. A zamaninsa ba a gayya sai da shi. Yana rataye da ganga a bakin kunya, yana ba da waƙa, majiya ƙarfi suna amsawa suna kafta garma. Ya rasu ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa ko a kaset. Labaran kuwa, da ya kamata ya gaje shi, tun yana saurayi ya tsere wa gangar, don ya gaji da a ce masa ɗan maroƙa. Sai da ya haura hamsin, wata rana yana cikin tuƙi, ya nemi wani baiti na mahaifinsa ya rasa. Ya yi ta lalube a ransa har ya isa tashar jiragen ruwa, baitin bai dawo ba. Abin ya tsorata shi ƙwarai, domin ya san duk duniya ba sauran mai riƙe da waƙoƙin nan sai shi, kuma ga shi sun fara zubewa.

Wanda ya fara gaya wa shi ne Kamal, abokin zamansa, akawun wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Naif, mutumin da ba ya iya jin magana bai ba da shawara ba.

"Yaya Labaran, ai wannan ba matsala ba ce," in ji Kamal. "Mu ɗauka a waya, mu tura wasaf, khalas, shi ke nan."

"A tura wa wa? A saurara sau ɗaya, waya ta cika, a goge? Ni faifai nake so."

Kamal ya yi dariya har da riƙe ciki. "Faifan CD? A shekarar dubu biyu da sha takwas? A Dubai?"

Labaran bai yi fushi ba, don ya san abin da Kamal bai sani ba ko bai kula da shi ba. Motocin da yake tuƙawa kullum tsofaffi ne, kowace da ramin sa faifai a gabanta, kuma yawancinsu Arewa za su. Direban gida kuwa duk abin da ya tarar a cikin rediyon mota sai ya kunna ya ji.

Ɗaukar muryar ta zo da sauƙi, in ban da zufa. Ranar Juma'a da hantsi suke yi, su kashe na'urar sanyaya ɗaki don ƙuginta yana shiga, Labaran ya zauna yana kaɗa galan ɗin ruwa a madadin ganga, gumi na bin wuyansa. Matsalar ita ce amshi. Waƙar noma ba ta mutum ɗaya ba ce. Kamal ya gwada amsawa sau ɗaya, Labaran ya roƙe shi don Allah ya bari. Daga ƙarshe ya yi yadda mahaifinsa ke yi, ya faɗi amshin da kansa a farkon waƙa:

*Wa ya riga rana shiga gona?*
*Mai garma ya riga ta.*

Daga nan duk inda amshi ya kamata ya shigo sai ya yi shiru, kiɗan kaɗai ke tafiya. Kamal ya ce zai iya yanke wuraren a kwamfuta. Labaran ya ce a bar su, wurin mutane ne.

Sai kuma aka zo kan na'urar buga faifan, don kwamfutar Kamal ta zamani ce, ba ta da wurin sa shi. Suka tsallaka babbar kasuwar 'yan China da ke kusa da su, suka yi ta zagaye. Wani mai shago ma sai da ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga masu neman kayan tarihi. A can wani lungu suka dace da shagon da ke da iri uku. Akwai wata doguwa kamar ƙaramin firji mai buga faifai da yawa a lokaci guda, wadda Labaran ya kalla da sha'awa ya wuce, don ko wurin ajiye ta ba su da shi. Akwai wata siririya mai sheƙi, sai wata baƙa mai kauri da ƙura ta rufe kwalinta.

"Wannan, habibi," in ji mai shagon yana ɗaga siririyar. "Sauri, sauri. Minti kaɗan, khalas."

Kamal ya goyi bayansa, Labaran ma sheƙin ya ɗauke masa ido. Suka saya.

Faifan farko ya yi kyau a kwamfuta. Washegari Labaran ya sa shi a wata tsohuwar mota da zai kai tasha, sai ga muryarsa tana tsalle tana maimaita kalma ɗaya kamar mai in'ina. Ya gwada a wata motar, ta tofo faifan waje. Ranar ko abincin rana bai iya ci ba. Baƙin cikinsa ba na na'urar ba ne, ji ya yi kamar ya tsayar da mahaifinsa a gaban jama'a ya sa an yi masa dariya.

Da suka koma shagon, bai tsaya jin bakin kowa ba. Ya ari mafi tsufan motar da ke wurin Alhaji Badaru ya ajiye ta a waje, ya ce a buga masa faifai da baƙar na'urar nan take. Kamal, wanda ya yi bincikensa bayan ya ji kunya, ya ce a sa ta bugu a hankali, kuma a yi shi irin faifan waƙa na da, wanda tsofaffin rediyo ke ganewa.

"Shwaiya shwaiya," in ji Labaran ga mai shagon, wato a hankali. "Ba inda za mu."

Su ukun suka fita cikin rana suka shiga motar. Waƙa ta tashi tiryan-tiryan. Labaran ya sa Kamal ya tuƙa su kan tudun rage gudu na wurin ajiye motoci, ya hau ya sauka, ya sake hawa, murya ba ta ko girgiza ba. Mai shagon da ba ya jin ko kalma ɗaya ta Hausa yana ta gyaɗa kai a baya. Baƙar na'urar suka ɗauko.

Tun daga nan duk motar da za ta Arewa sai Labaran ya zura mata faifai kafin ya miƙa makulli. Ba ya rubuta sunansa, "Waƙoƙin Ɗantani" kawai yake sa wa. Da Alhaji Badaru ya gano, ya kira shi gefe.

"Malam Labaran, ashe kai ne ke sa wa mutane kaya a mota ba da sanina ba?"

"A yi haƙuri, Alhaji. Na mahaifina ne."

Alhaji ya saurari rabin waƙa a tsaye, ya ce, "Ashe kai ɗan gado ne ka yi shiru. Ci gaba, amma a sa mini ɗaya a tawa."

Wata da watanni ba labari. Motoci suna tafiya, Labaran yana bugawa, wani lokaci ya ce wa kansa ƙila masu wankin mota a Kwatano, inda ake sauke motocin, su ne ke zubar da su. Duk da haka bai fasa ba.

Damina ta biyu, yana tsaye a Al Awir da azahar, ƙanwarsa Jummai ta kira shi. Ba ta ko yi sallama ba.

"Yaya! Yaya, Baba ne! Ina cikin motar haya za ni Gusau, direba ya sa Baba!" Kuka take yi. "A ina aka samu muryarsa?"

"Jummai, ni ne."

"Kai ne wa? Tsaya ka ji."

Ta kara wayar a jikin lasifika. Ta cikin ƙarar iska da injin motar ya ji galan ɗinsa na ruwa, ya ji kansa yana tambaya wa ya riga rana shiga gona. Sai wurin da ya bari shiru ya zo. Wata muryar tsoho ce ta fara shiga, direba ya bi, sannan mata daga kujerar baya, har da Jummai da muryarta mai rawa.

*Mai garma ya riga ta.*

Labaran ya zauna a kan wata tsohuwar taya, wayar manne da kunnensa, hawaye na sauka cikin gemun. Wani ɗan kasuwa yana ta yi masa magana a kan makullin mota, bai ji ba. Da baiti na gaba ya zo, bai bar wa faifan ba. Ya buɗe baki a tsakiyar kasuwar, gaban Alhaji Badaru da kowa, ya ba da waƙar da kansa tare da faifan, ya saurara, mutanen motar suka amsa masa.