Haƙorin giwa na hanyar Dapaong

Shekarar da yajin aiki ya rufe mana makaranta a Sokodé, na addabi kowa a gidanmu na Komah. Ban zauna ba, ban bar na zaune ya huta ba. Da Inna ta gaji da ni, sai ta tura ni wurin wani tsohon malami da muke kira Metir. Ya mai da zaurensa ma'ajiyar kayan daji: ƙahonni, saɓar maciji, ƙwari cikin kwalba. Ran Asabar yara da iyayensu kan cika wurin.

Ni haƙorin giwa ne ya tafi da hankalina, ba haure ba, na tauna. Metir ya koya mana gane shekaru da yatsa: in saman ya goge sumul, tsohuwa ce, in da kaifi-kaifi, ƙarama ce. Nasa sumul yake.

Amma mai rai nake son gani. Baba direban babbar mota ne zuwa Dapaong, kuma ya sha ba mu labarin giwaye na tsallaka titi a gandun daji, inda dole direba ya lallaɓa, don ko zabuwa ya take, masu gadi sai sun gasa masa aya a hannu. Na hana shi sakat.

"Uwata," in ji Baba, "gari ba lafiya, samari sun tare hanya ko'ina."

"Giwa ba ta yajin aiki, Baba."

Dole ya ɗauke ni. Da muka shiga gandun, ba mai gadi ko ɗaya, ɗakinsu a ƙone. Baba ya taka mota yana dariya, don ya daɗe yana jin haushinsu. Mutanen da aka taɓa kora daga ƙauyukansu saboda dabbobi sun dawo, bakin titi duk hayaƙin bandar nama. Na yi ta ihu ya rage gudu, ba na ganin komai.

A mashigar da giwaye ke bi ya kashe mota. Muka yi ta jira, ina leƙe ta wannan taga, ina komawa waccan. Ba abin da ya motsa sai ungulaye. Baba ya sauka ya nufi inda suke, ya dawo da abu ƙunshe a tsumma, dariyar ta tafi.

"Ki kai wa Metir."

Fushi ya hana ni buɗewa sai a Dapaong, ana sauke kaya. Haƙori ne, bai cika tafin hannuna ba. Na shafa samansa, na ji kaifi-kaifi.

Da muka dawo, Metir ya tare ni a bakin zaure, yara da iyaye cike a bayansa.

"To, 'yata, kin ga giwa?"

Na ajiye haƙorin kusa da nasa. Ya miƙo yatsa zai taɓa.

"Kada ka wahala, Metir," na ce. "Na riga na shafa."