Hoton da Muka Ɗauka a Falon Surukaina

In dai ina numfashi, ba na jin akwai ranar da zan manta da wata Asabar a gidan surukaina da ke Kurudu. Shekaru sun wuce, na haihu, na yi ƙiba, bakina ma ya ƙara buɗewa, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Wani zai ce abin bai taka kara ya karya ba, hoto ne kawai aka ɗauka. To, wanda ya taso a irin gidan da na taso zai gane.

Lokacin da aka ɗaura mana aure maigidana yana Ingila, yana aikin jinya a wani asibiti. Baffansa ne ya karɓa masa auren a masallaci, ni kuwa ina can ƙuryar ɗaki cikin ƙawaye. Daga baya ya samu ɗan hutu ya zo aka yi tarewa, muka yi 'yan makonni tare, ya koma, ya bar ni wurin iyayensa kafin a nema mini bizar zama da miji. Muka shiga haɗa takardu ba ji ba gani. Na karɓo takardar aure, na zauna jarrabawar Turanci, na je aka haska ƙirjina don gwajin tarin fuka, shi kuma ya turo takardun albashinsa da na gidan da yake haya. Ni da na yi digiri, har wani ɗaga kai nake yi, ina ganin babu inda za a kama mu.

Da amsa ta zo sai na ga an hana ni bizar. Ba su ce wata takarda ta jabu ba ce. Cewa suka yi ba su gamsu auren gaske ne tsakaninmu ba. Na karanta wannan layin na sake karantawa. Wato wani da bai taɓa ganina ba ya duba rayuwata ya ce ƙila auren biza na yi. Na kasa gaya wa kowa ainihin dalilin, in an tambaye ni sai in ce wata takarda ce ba ta cika ba.

Da ya sake samun hutu ya dawo, muka je wurin wata lauya a Wuse, mutuniyar Filato, mai fara'a da baki kamar reza. Ta ce mu fito da duk hotunan da muka tura a karon farko. Ta ɗauki na ɗaurin aure, ta ga dattawa zaune a masallaci cikin manyan riguna.

"To, ina ango a nan?"

Maigidana ya ce ai yana Ingila lokacin.

"Amarya fa?"

Na ce mata ai mata ba sa zuwa wurin.

Ta ajiye, ta ɗauki na ranar kai amarya, inda aka lulluɓe ni da mayafi har ƙasa. Ta kalli hoton ta kalle ni. "Madam, wannan zai iya zama kowa fa. Ko ni in na ce ni ne a ciki, who will argue?"

Sai ta zo kan hotunan da na fi ji da su, na ranar da ya kai ni Ushafa kallon masu ginin tukwane. Ga ni riƙe da tulu ina murmushi. Ga shi riƙe da tulun nan dai yana murmushi. Shi ya ɗauke ni, ni na ɗauke shi, don a cikin mu biyu babu wanda ya iya buɗa baki ya ce wa wani ya ɗauke mu tare. Matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Oga, wannan tukunya shi ne ya fi kusa da ku duka biyu. Da shi ya nemi visa, da sun ba shi."

Ta ce mu buga hirarrakinmu na waya da tarihin kiran da muke yi, daga baya na miƙa mata su kaina a ƙasa. Amma ta kafe a kan hotuna. Ta ce tana son ganinmu tare, kusa da juna, kuma kada duk su zama na situdiyo. Tana son na cikin gida, tare da iyayensa, yadda duk wanda ya gani zai san dangi sun san da auren sun kuma karɓe ni. Muka ce to. A mota kuwa har muka wuce Nyanya babu wanda ya ce wa wani uffan.

Dole in faɗi yadda gidan yake, in ba haka ba ba za a gane shirunmu ba. Tun da na tare ban taɓa cin abinci a gaban Baba, mahaifinsa, ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi. In maigidana ya shigo falo iyayensa na zaune, ni fita nake yi, in ƙirƙiri wani aiki a kicin. Shi ma nasa ya ishe shi, domin ɗan fari ne. Hajiya, mahaifiyarsa, irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, sai dai "wancan". In tana son gaya masa magana, ƙanwarsa take gaya wa, alhali yana zaune yana ji. Ranar da ya dawo daga Ingila ma, da ya durƙusa gaishe ta, bango ta kalla ta ce an dawo lafiya. A lokacin nakan ce a raina, wannan baiwar Allah ko a jikinta, in tafi ko kada in tafi duk ɗaya ne a wurinta. Har nakan yi zargin ta fi son in zauna in ci gaba da tuƙa mata tuwo.

Muka yi ta jan ƙafa. Ya ce in gaya wa Hajiya tunda mu mata ne, na ce shi ya gaya wa Baba tunda ubansa ne. Har muka yi 'yar rigima a kan haka, ga hutunsa yana ta ƙarewa, kuma in ya tafi ba hoto sai wata shekarar. A ƙarshe na kai kukana wurin ƙanwarsa, sa'ata ce, malamar makaranta, kuma abokiyar wasata. Na roƙe ta ta samu Hajiya ita kaɗai ta gaya mata a hankali. Ashe na kai wa mai shela. Da rana tsaka, kowa na tsakar gida, ta tsaya ta ce, "Baba, Hajiya, Turawa sun ce sai sun ga Yaya da matarsa a manne kafin su yarda an yi aure. Gobe kowa ya yi kwalliya."

Ina wanke shinkafa lokacin. Ban san sa'ad da na zubar da rabinta a ƙasa ba.

Washegari bayan azahar Baba ya fito da babbar riga da hula, ya zauna a doguwar kujera fuskar nan a ɗaure, kamar wanda za a yi wa allura. Hajiya ta zauna a can gefe a kan darduma. Maigidana ya raɓa a hannun kujera. Ni kuma aka yi ta kira kafin na fito, na tsugunna a ƙasa kusa da ƙofa. Ƙanwarsa ta ce, "Matar Yaya, wannan ai zaman makoki ne, tashi ki hau kujera." Da ƙyar na ɗosana a ɗaya ƙarshen, tsakanina da shi mutum biyu za su zauna har su miƙe ƙafa. Ƙanwar ta ɗauki hoton, ta tura wa lauyar ta waya don ta duba.

Ba a jima ba amsa ta shigo, saƙon murya ne. Ita kuma shaƙiyyar, ko da gangan ko da kuskure, har yau ba ta faɗa mini gaskiya ba, ta danna shi a fili. Muryar matar nan ta cika falon.

"Haba, wannan kamar meeting na landlord da tenant. Oga, ka matso kusa da matarka mana, ka riƙe hannunta, ka sa ɗaya hannun a kafaɗa. Ba kai ne kana rubuta mata 'hasken idona' a chat ba? To a nuna mana a hoto."

Baba ya yi gyaran murya ya shiga jan carbi. Maigidana ya ƙura wa silin ido. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tashi da gudu, na yi tuntuɓe da takalmin wani a bakin ƙofa, na faɗa ɗakina na kife a kan gado ina kuka. Da ƙanwarsa ta biyo ni na ce mata a bar bizar, na haƙura, ya je ya yi zamansa, in ya ga dama ya riƙa zuwa hutu. Kuma wallahi a wannan lokacin da gaske nake yi. Na gwammace in rasa shekaru da mijina da in koma falon nan.

Ta fita. Can sai na ji an turo ƙofa a hankali, na ɗauka ita ce, na ce ta ƙyale ni. Sai na ji muryar Hajiya, wadda ba ta taɓa taka ɗakina ba tun da aka kawo ni. Na zabura na zame ƙasa na sunkuyar da kai.

Ta zauna a bakin gado. Sannan ta ce, "'Yar nan, kina ganin ke kaɗai ce mai kunya a gidan nan?"

Sai ta ci gaba da magana.

"Tun da na yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ban sake zama a tabarma ɗaya da shi ba. Amma ina da ido. Kin ga wuyansa kuwa da ya dawo? Yana can shi kaɗai, ya kwana a kan marasa lafiya, ya dawo gida ba mai ce masa sannu. Ni ba zan iya zuwa ba, ba zan ma iya tambayarsa me yake ci ba. Ke ce za ki je mini. In riƙe hannu ne zai kai ki, tashi mu je a riƙe."

Ta kama wuyan hannuna, ban taɓa sanin tsohuwar nan tana da ƙarfi haka ba. Muna shiga falo ta tsaya, ta dubi maigidana ido cikin ido, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, gaba ɗaya. Carbin Baba ya tsaya. Ƙanwarsa ta saki baki. Shi kuwa, ƙaton namiji mai gemu, sai idanunsa suka cika da hawaye.

Ta ce masa ya sauko ya zauna tsakiyar kujera kusa da ubansa. Ta zaunar da ni a jikinsa, ta ɗauki hannuna ta sa a nasa, sannan ita ma ta matso ta zauna ta ɗora nata a kai ta danne, don ta san in ta saki zan zare.

Baba ya ce, "Ni dai na rufe idona, in an gama a gaya mini."

Ƙanwarsa ta ce, "Baba, ai sai ka buɗe, kada su ce barci kake yi aka ɗaura auren."

Hajiya ta ce, "Ke, ɗauki ki sallame mu."

Aka ɗauka. A hoton, Baba yana kallon gefe, maigidana idanu jawur, ni fuska a kumbure ina kallon cinyata. Hajiya ce kaɗai ta dubi wayar sosai. Lauyar ta ce a ƙara wasu, aka ƙara a tsakar gida da bakin ƙofa, amma bayan wannan na farkon sauran ba su yi wuya ba. Na yi kwanaki ina kewaye Baba, in na ji tarinsa sai in canza hanya.

Muka sake tura takardun, muka haɗa da bayanin yadda ake ɗaurin aure a wurinmu. Bayan wasu watanni bizar ta fito. Ban san wace takarda ce ta gamsar da su ba, kuma ban damu in sani ba.

Kunyar riƙe hannu ta daɗe da barina, yanzu ma dariya take ba ni. Wadda ta ƙi barina ita ce ta zaton da na yi wa Hajiya. Na ga ba ta magana, na yanke cewa ba ta damu ba, alhali damuwar ce ta cika ta har ba ta da hanyar fita. Ni da nake yarinya, 'yar boko, na riƙe kunyata gam har na yarda in bar mijina cikin kaɗaici don kada a ga fuskata ta yi ja. Ita kuma ta ajiye tata, wadda ta riƙe tun kafin a haife ni, a gaban mijinta da 'ya'yanta, don ɗanta ya samu mai ce masa sannu. Tun daga ranar na daina auna son mutum da yawan maganarsa. Kuma duk lokacin da na ji kunya tana neman hana ni wani abu, nakan tsaya in tambayi kaina wa zai wahala in na bi ta. In ni kaɗai ce, sai in riƙe abata. In wani ne, sai in tashi in je.