Sifanar Baba Ƙirga

A rumfar gyaran jiragen sama akwai wani dogon allo a jikin bango, an zana siffar kowane kayan aiki da farin fenti a inda ake rataye shi. Ƙa'idar wurin ba ta da sassauci: ba a sa hannu a takardar tashin jirgi sai kowace sifana ta koma kan zanenta. Ƙaramin ƙarfe in aka manta shi cikin fuffuke, yana iya gangarawa ya maƙale inda bai kamata ba, jirgi kuma yana sama ɗauke da mutane. Sauran makanikai sau ɗaya suke ƙirga kayansu. Shi sau uku yake yi, yana motsa leɓe, har aka laƙaba masa Baba Ƙirga tun bai yi furfura ba. Suna tsokanarsa wai ko cokulan gidansa sai ya ƙirga kafin ya fito aiki. Yakan yi ɗan murmushi kawai, don bai taɓa gaya wa kowa mafarin abin ba.

Mafarin wata Laraba ce, shekara goma sha bakwai baya. Yana aiki cikin fuffuken hagu na wani jirgin fasinja, mai ya jiƙa masa rigar aiki sharkaf, ya tuɓe ya sa wata. Da matarsa ta kawo masa abincin rana, ta tafi da jiƙaƙƙiyar don ta wanke. Da yamma ya zo ƙirga, sai ga zanen sifana mai lamba goma yana kallonsa, babu komai a kai. Tasa ce, mai ɗigon jan fenti a gindi. Ya duba ƙasa, ya duba akwati, ya leƙa fuffuken da tocila da ɗan madubi mai sanda. Sannan ya hau keke ya garzaya gida, ya tarar da rigar a kan igiyar shanya, ya laluba aljihunanta duka huɗu.

Matarsa ta ɗago kai daga kan keken ɗinkinta ta ce, "Me kake nema, Maigida?"

Ya ce, "Ba komai."

Ya koma filin jirgi. Abin da ya kamata ya yi ya san shi sarai: ya kai rahoto, a tsare jirgin, a kwance fuffuken. To amma a watan ne ake shirin ba shi shugabancin sashe, tsoro ya fi ƙarfinsa. Ya biya kasuwa ya samo wata sifanar, ya ɗiga mata jan fenti, ya rataye, ya sa hannu. Washegari jirgin ya tashi, ya kuma sauka lafiya. Daga ranar Baba Ƙirga bai sake cin abinci da daɗin bakinsa ba.

Ya haddace lokutan tashi da saukar jirgin nan fiye da masu tuƙa shi. Ba ya barin wurin aiki sai ya ga tayoyinsa sun taɓa ƙasa, ko da ranar hutunsa ce. Duk sanda aka kawo shi babban gyara, shi ne kan gaba wajen fuffuken hagu, har ana yabonsa da ƙwazo, yabon da yake ji kamar zagi. Ya buɗe duk murfin da ke buɗuwa. Amma can kusa da gindin fuffuken akwai wani lungu da hannu ba ya kaiwa, madubi ma ba ya nunawa, sai dai in an yanka. A nan zuciyarsa ta ajiye sifanar.

A gida kuwa sai ya zama baƙo. Ranar da 'yarsa ta karɓi kyauta a makaranta yana bakin rumfa yana kallon sama. Matarsa takan ce jirgin nan ya fi su sanin fuskarsa, tun tana faɗa da dariya har dariyar ta ƙare. A da kullum tana roƙonsa abu biyu: ya ɗaure mata notin ƙafar keken ɗinkinta da ke yawan kwancewa, ya kuma sa a huda mata taga, don ɗakin ɗinkin duhu gare shi. Amsarsa ɗaya ce, gobe. Zancen noti ta daina shi tun tuni, shi kuwa gogan har daɗi ya ji an rage masa mita. Zancen taga ne ta riƙe har ciwo ya kwantar da ita. Ta rasu shekara biyu kafin ya yi ritaya, 'yar ta yi aure a wani gari mai nisa, ya kulle ɗakin ɗinkin ya jefa makullin a gwangwani. Ya zamana shayi kofi ɗaya yake dafawa, ya zauna a ƙofar gida, in ya ji ƙarar jirgin nan, wadda yake ganewa cikin dubu, sai ya ajiye kofin har ta wuce. Kaɗaici ya ci shi, kuma ya san shi ya saya wa kansa.

Wata safiya wani tsohon abokin aikinsa ya buga masa waya, ya ce an sallami jirgin, an yayyanka shi. Wata injiniyar gini ta kwashi sassan: kujerun sun tafi ɗakin karatu, tagogin za a dasa su a bangonsa, fuffuken hagu kuma zai zama rufin rumfar jiran mota a tasha. Baba Ƙirga ko shayinsa bai ƙarasa ba.

Da ya isa tashar, ya tarar da fuffuken a kwance kan katakai, kusa da ginshiƙai huɗu na siminti. Injiniyar, da hular kwano a kanta, ta saurare shi yana kame-kame, wai yana so ya yi sallama da tsohon abokin aiki. Ta ce ai ya zo a daidai, yanzu mai walda zai rage gindin don ya zauna kan ginshiƙan. Aka yanka. Ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya zura hannu har kafaɗa cikin lungun da ya yi shekara goma sha bakwai yana gani a mafarki. Ya shafa kowace kusurwa, ya haska tocila, ya sake shafawa, sau uku. Ƙura ce kawai da wani busasshen danƙo.

Ya zaci zai ji sanyi a ransa. Bai ji ba, sai wani irin fayau, kamar maigadin da aka gaya wa gidan da yake tsaro tun fil azal babu kowa a ciki. Injiniyar ta ga yadda ya yi zugum, ta ɗauko taga ɗaya cikin waɗanda suka yi saura, 'yar mulmulalliya mai kaurin gilashi, ta ce, "Baba, riƙe wannan, ka fi kowa cancanta." Ya rungumo ta a mota har gida, kuma tun a hanya ya san bangon da za ta shiga.

Kashegari ya kira magini, ya zazzage gwangwani ya ɗauko makullin. Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, da duhunsa. Ya ja keken ɗinkin don a sami wurin fasa bango, ɗan aljihun keken ya zamo. Cikin zarurruka da maɓallai ga sifana mai lamba goma, jan fentin gindinta ya koɗe saboda riƙo. Ya sunkuya ya taɓa notin ƙafar keken, ya ji shi ɗaure tamau.

Ya kira 'yarsa, ya tambaye ta ko ta san wata sifana a keken mamanta.

Ta ce, "Ai ta Mama ce, Baba. A aljihun rigarka ta tsince ta wajen wanki. Ta ce tunda ba ka da lokaci, za ta riƙa ɗaure abinta da kanta, ranar da ka tambaya ta ba ka." Ta ƙara da cewa, "Ba ka taɓa tambaya ba."

Ya zauna a kujerar ɗinkin da sifanar a cinyarsa, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izarta. Daga tsakar gida magini ya ɗaga murya yana tambaya a ina za a fasa. Baba Ƙirga ya share fuska, ya mayar da sifanar cikin zarurrukan, ya nuna masa daidai inda haske zai sauka kan allura.