Malam Idi, wanda ya ƙwace mini Balki

Da safen nan ina ban ruwan albasa a fadama ɗana Sani ya kira ni daga Madawa: Malam Idi ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Maƙwabcin Sani ne, kuma abokin takarata.

Bara aiki ya mai da Sani Madawa, ya kwashe iyalinsa daga nan Tama, har da jikata Balki, wadda nake kira uwargidana. Yarinya ta ƙi sabon gida. Ta ƙi tuwo, ta ce ruwansu ɗaci. Kullum sai ta sa takalmi ta zauna bakin ƙofa tana jiran a koma gida. Na aika dabino, na yi lallashi a salula, a banza. Tana ta ramewa.

Wata ranar kasuwa sai ga wani tsoho bisa kabu-kabu, da gwangwanin tumatir a hannu. Malam Idi ne, maƙwabcin Sani. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, nuna mini inda aka binne cibiyar Balki."

Na nuna masa gindin zogale. Ya cika gwangwani da ƙasar wurin, ya roƙi dashen albasa ɗaya, ya tafi. Can Madawa ya dasa albasar cikin gwangwanin, ya ce wa Balki, "Ga Tama na kawo miki. Amma in ba ki ci ba, wa ke da ƙarfin ba ta ruwa?"

Ta ci. Da Sani ya gaya mini, don murna har rawa na taka gaban jama'a, da furfurata.

Amma ƙasar gidana ce, kullum ina taka ta, dabarar ba ta zo mini ba. Har yau abin na cina.

Da na je ganinta da Sallah, na tarar da ita kan tabarmarsa tana ɓare masa gyaɗa. Na ce, "Uwargida, ga mijinki ya zo." Ta dube ni ta ce, "Kai na ƙauye ne."

Na ce masa, "Malam, a garinku haka ake yi, a ƙwace matar mutum da albasarsa?"

Ya yi dariya har da tari. "Gadi nake maka, Alhaji. In ta yi barci, sunanka take kira."

Ban sani ba ko gaskiya ne ko lallashina yake. Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Ɗazu Sani ya ba ta salula. Ta ce, "Kaka, an ce Baba Idi ya tashi zuwa sabon gida. Wa zai kai masa ƙasar gidansu?"

Na ce mata ta jira ni, ina tafe. Ga ni a tasha ina jiran mota, da dashen albasa cikin jiƙaƙƙen tsumma, don tata ta daɗe da ƙosawa. Ko yanzu dabararsa zan ara: ni da ita mu ɗebo ƙasar gidansa mu dasa.

Allah Ya gafarta wa Malam Idi, Ya sa gidan da ya koma ya fi wanda ya bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Balki.