Ranar da Aka Karanta Tarihin Maƙera a Kasuwar Gozaki

Tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan, ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, wani malami ya sauka a garinmu Gozaki da rani. Ba wa'azi ya kawo shi ba. Tarihin garuruwa yake bi: wa ya fara saran daji, daga ina aka taso, yaushe aka ja ganuwa. Ya riga ya yi wata biyu a Tsiga yana zama da tsofaffi, yana rubuta abin da suka faɗa da ajami.

Mu maƙera ne, kuma ba mu sa ran zai leƙo mu ba. In ana zancen asali a garinmu, gidan sarauta da gidajen malamai ake nufi. Mu namu fartanya da lauje. Sai ga shi wata rana da hantsi a bakin maƙera, ya yi sallama, ya nemi mahaifina. Baba ya tsufa a lokacin, ya sakar mini guduma, sai dai ya zauna gefe yana gyara mini kuskure.

Baba ya gaya masa kakanninmu suna narka tama a nan tun ba a yi ganuwa ba, mutane kuma saboda ƙarfen noma suka matso kusa da su. Malam ya saurara har ƙarshe, amma bai ɗauki alƙalami ba.

"Baba, ba ƙaryata ka nake yi ba," in ji shi. "Duk gidan da na shiga cewa suke su suka riga kowa. Akwai abin da ido zai gani?"

Na ga ran Baba ya sosu. Ya jawo sandarsa, ya ce in ɗauko magirbi. Muka bi shi har inda ruwan damina ya zubar da wani ɓangare na ganuwa. Ya nuna gindinta ya ce in tona. Ban yi zurfi ba na fara fito da baƙin dutsen da ke ragewa in an narka tama, da fasassun bututun yumɓu irin na hura wuta. Duk suna ƙarƙashin ganuwar, a kansu aka ɗora ta. Malam ya durƙusa cikin ƙasa da farar rigarsa, yana ta jujjuya su. Bai tsaya nan ba, sai da ya tambayi wasu tsofaffi biyu da ba mu haɗa jini da su ba, suka ce haka suka ji su ma.

Ranar kasuwa bayan la'asar ya zauna gindin tsamiya ya karanta wa jama'a abin da ya tara. Ya kawo sarakuna, da shekarun fari, da rijiyoyi. Inda bai tabbatar ba, sai ya ce wannan daga baki ɗaya ya ji shi. Da ya zo kan maƙera, wani dattijo daga babban gida ya ce shi bai taɓa jin haka ba.

"Allah ya ba ka haƙuri," in ji Malam, "wannan gani na yi. Ramin yana nan, ba a rufe ba."

Mutane da dama suka tashi suka tafi dubawa, har da dattijon. Ina tsaye kusa da Baba a bayan taro, hannuwana baƙi ƙirin da gawayi, na ji kamar an ƙara mini tsawo. A hanyar gida na yi ta jiran ya yi magana. Sai da muka kai ƙofa ya ce malamin nan ya iya tambaya.

Malam ya kwafi takardun ya bar wa liman, ya wuce wajen Malumfashi. Daga nan mutane suka riƙa kawo gyaran fartanya, su zauna su sa Baba labari. Damina biyu ya yi yana ba su kafin Allah ya karɓi ransa.