Wa zai kama min kart?

Jiya da aka tashi daga tsere na tsaya gefen kart ɗina, hular kwano a hannu, ina ta raba ido.

Ƙaramar motar tseren nan sai mutum biyu ke iya ɗora ta kan trolley, wato keken da ake tura ta a kai. Kowa ya zo da babansa ko ƙaninsa. Ni kuwa ni kaɗai na taso daga Thamesmead, kamar kowace Asabar.

Na uku fa na zo, karon farko tun da na fara! A Kano ko mota ce ta mutu maka a titi, kafin ka buɗe baki an taru ana turawa. Nan sai da fili ya kusa watsewa wani dattijon Bature ya lura da ni.

Ya ce, "Ina mutanenka?"

Na ce, "Suna Najeriya."

Ya ce, "To kama can, in kama nan."

Muka ɗora. Ya dafa kafaɗata, ya wuce. Wallahi duk makon nan hannunsa ne kaɗai ya taɓa ni.

'Yan London, wa ke free Asabar mai zuwa? Ba sai ka iya tuƙi ba, kamawa kawai za ka yi.