Kawu Kafinta da Filin Bayan Rumfa

Kawuna kafinta ne, ƙanin mahaifiyata. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana aiki a wata rumfar kwano a bakin gari, inda garin katako yake kai wa mutum idon sawu. Ƙofofi da tagogi ne aikinsa. Mutum ne mai taka-tsantsan har abin ya yi yawa, sai ya auna katako sau uku kafin ya ɗora zarto. Abokan aikinsa suna kiransa Bari-mu-gani, suna cewa ko ruwa ka miƙa masa sai ya faɗi haka kafin ya sha.

A shekarar da ya yi aure, wani tsoho mai gona a bayan rumfar ya yanka gonarsa filaye, ya zo ya yi wa Kawu tayin ɗaya. Kuɗin bai wuce na ƙofa goma sha biyu ba, kuma yana da su a hannu. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce ya saya. Shi kuwa ya je ya zagaya wurin, ya ga ba hanya ba famfo, sai ciyawa da awaki, ya ce a bari damina ta wuce a ga inda ruwa yake kwanciya. Damina ta wuce, ruwa bai kwanta ba, amma an fara shimfiɗa kwalta ta gefen. Da ya koma, tsohon ya ce kuɗi ya ninka. Kawu ya ce wannan haɗama ce, farashi zai sauko. Bai sauko ba.

Daga nan duk sanda ya tara abin da aka faɗa bara, sai ya tarar an ƙara. Waɗanda suka saya kuma wurinsa suke zuwa neman ƙofa, har ya zama kusan duk gidajen layin aikin hannunsa ne. Shi ya kafa ƙofar gidan da aka gina a kan filin da aka yi masa tayi. Inna ta ce ranar ya dawo bai taɓa abinci ba, abin da ya faɗa kawai shi ne gidan yana samun iska mai kyau.

Sau ɗaya ya kai bakin saye. Kuɗi sun haɗu, sun gama magana da dillali, sai mahaifina ya rasu, a daidai lokacin da na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Kawu ya ɗauki kuɗin filin ya biya mini komai, bai ce wa kowa uffan ba. Sai bayan na yi shekaru ina aiki Inna ta ba ni labari. Na same shi a rumfa yana goge katako, na fara magana kuka ya ci ƙarfina. Ya ajiye abin gugar ya dube ni.

“'Yata, filin farko ni na yi sakaci, kada ki ɗora wa kanki,” in ji shi. “Na biyun kuwa ban yi asara ba.”

Haka suka yi ta zaman haya, gida biyar, 'ya'yansu huɗu duk a ɗakunan mutane aka haife su. Yana da shekara sittin da ɗaya mai gidan hayar ya ba su notis na tashi, zai sayar da gidan. Inna ba ta yi masa gori ba. Ta dai ce ta gaji da ɗaure kaya, bayanta ba ya ɗauka kamar da.

Washegari ya ɗauki babban ɗansa, suka hau mota biyu zuwa can ƙarshen gari. Filin rabin na farko ne, kuɗinsa kuwa ya ninka wancan fiye da sau ashirin, shi ma ba hanya ba famfo. Ɗan ya tsokane shi, ya tambaya ko za a jira damina. Kawu ya yi dariya, ya ce shi damina nawa ta rage masa. A ranar ya biya.

Shekara uku aka yi ana ɗora bulo kaɗan-kaɗan, kowa ya sa abin da ya samu, har ɗaki biyu suka tashi. Ranar tarewa ina cikin masu jidar kaya. Na shiga ɗaki na tarar da Inna tsaye riƙe da ƙusa da hoton 'ya'yanta, tana kallon bango.

“Malam, za a bari a buga ƙusa a nan kuwa?” ta tambaye shi.

Sai da maganar ta fita ta gane abin da ta faɗa, ta rufe baki da mayafi tana dariya, idanunta sun ciko. Kawu ya ciro guduma daga jakarsa ya miƙa mata, ya riƙe mata hoton, ita ta buga da kanta. Ƙusar ta ɗan karkace, ya ce a bar ta haka.